Jan biron lauya a kan manhajarmu

Mu bakwai muka zauna a ɗakin ƙasa na masallacinmu a Bronx bayan isha'i, yawancinmu 'yan zangon Kumasi, sai ni da wani Alhaji daga Maraɗi. Kuɗin makaranta ne ya tara mu. Islamiyya mai zaman kanta ta fi ƙarfin direban tasi mai 'ya'ya huɗu, sai wani ya ce mu nemi izinin buɗe makarantar cata, irin wadda gwamnati ke biya wa kowane ɗalibi amma kwamiti mai zaman kansa ke tafiyar da ita. Jihar New York ta halatta su tun 1998. Ni aka ɗora wa rubuta manhaja.

Na zage na rubuta: hadda da sassafe, azahar cikin jam'i, fiƙihu ranar Alhamis. Wata lauya da ta yarda ta duba mana kyauta ta dawo da takardun, jan biro ya cinye kusan rabinsu. Ta ce a idon doka makarantar cata makarantar gwamnati ce, kuma gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana gwamnati kafa addini. Tun 1962 Kotun Ƙoli ta soke addu'ar da hukuma ta tsara wa ɗalibai, a wata shari'a daga nan New York ɗin ma. Larabci za mu iya koyarwa a matsayin harshe, kamar yadda wata makarantar cata a Brooklyn ke koyar da Ibrananci. Yaro zai iya tashi ya yi sallarsa, amma malami ba zai tara aji ya ja su ba. Zaɓen 'ya'yan Musulmi kuwa babu shi. In masu nema sun yi yawa, ƙuri'a ake jefawa.

Sai na kawo wayona, wanda har yau nake jin kunyarsa. Na ce to a tashi ƙarfe uku, a ci gaba da karatun Alƙur'ani a ginin, motar yara ta jira sai an gama. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ba ni labarin makarantar Tarek ibn Ziyad ta Minnesota, wadda ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta maka a kotu a 2009 kan zargin cusa addini da kuɗin jama'a. A 2011 ta rufe. Alhaji ya dafa ni ya ce, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski." Muka ajiye maganar. Muka koma Islamiyyar Asabar da Lahadi, da awa ɗaya a mako da dokar jiha ta yarda yaro ya fita makaranta don karatun addini.

Da cocin Katolika na Oklahoma ya samu izinin buɗe makarantar cata ta intanet mai suna St. Isidore a 2023, wallahi murna na yi, na ce in sun wuce mun wuce. Amma babban lauyan jihar, Gentner Drummond, da ya kai ƙara, da mu ya tsorata mutane: wai gobe harajinsu zai tafi makarantun Musulmi masu tsattsauran ra'ayi. Abin ya yi mini ciwo. Daga baya na tambayi kaina: in makarantar kyauta mafi kyau a unguwarmu ta zama ta coci, ina zan kai 'yata Nana?

Kotun ƙolin jihar ta soke izinin a 2024. A watan Mayun 2025 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka yi kunnen doki, huɗu da huɗu, don ta taransu, Amy Coney Barrett, ta janye, hukuncin jihar ya tsaya. Daren nan Alhaji ya buga mini waya, yana tambaya ko takardun nan masu jan biro suna nan. Na ce suna cikin durowa, ƙarƙashin fasfo ɗin yara.