Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Inna ta ƙi kitso

A makon jiya na tsaya a inda na dawo Gombe da yarana biyu, muka tare wurin Inna a Jekadafari. To, a wannan zaman ne ciwon ya same ta.

Kitso ne ya fara tona asirin. Inna, mai shekara 72, da ba ta yarda kanta ya kwana a tsefe, sai ga ta tana kauce wa mataji. "Bari, Uwani, fatar kan nan kamar an barbaɗa barkono." Ɗankwali ma ta daina ɗaurawa, sai dai ta yafa. Ciwon kan a gefe yake, tsakanin ido da kunne, irin wanda ba ta taɓa yi ba. Goron da ba ta rabuwa da shi ya gagare ta: tauna kaɗan muƙamuƙi ya yi tsami, in ta huta ya saki. Da asuba kuwa kafaɗu a sage, ɗaga hannu ta yi kabbara ma aiki ne. Ga zazzaɓi sama-sama, ga rama.

Mu me muka yi? Abin da kowa ke yi. Mai kemis ya ce maleriya da taifod, Gwaggo ta ce iska ce, aka kawo rubutu. Wata guda cur muka ɓata, har yau abin na ci mini rai.

Wata Laraba tana lazimi sai ta ce, "Wa ya sauke labule?" Idon dama ya yi duhu na 'yan mintoci, ya dawo. Ko girkin rana ban sauke ba na tare Keke Napep, sai asibiti.

Likitan bai fara da ido ba. Yatsa ya ɗora a jijiyar gefen goshinta: ta tashi, ta yi tauri kamar igiya, bugun jini da ƙyar ake ji. Inna ta zabura. Ya tura mu gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna ko akwai kumburi a jiki; ya ce ESR daga 50 zuwa sama ake fara zargi, nata kuwa ya wuce nan nesa. Kumburin jijiyoyin jini ne, in ji shi, wanda a likitance ake kira giant cell arteritis. Da wuya ya kama wanda bai kai 50 ba, mata ya fi kamawa, kuma a arewacin Turai ya fi yawa, shi ya sa a nan ba a saurin kawo shi a rai. Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne: idon da ya rufe gaba ɗaya da wuya ya dawo, ɗayan kuma kan iya bi cikin kwanaki.

Bai jira tabbaci ba, a ranar ya ɗora ta a kan maganin rage kumburi mai suna prednisolone, miligiram 60. Tabbacin, ya ce, sai an yanko ɗan guntun jijiyar an duba shi da madubin likita.

Inna ta juyo ta kalle ni. "Uwani, a kaina za a sa wuƙa?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.