Birnin da Aka Gina a Kan Fadama

A watannina na farko a birnin Cork, da ke kudancin ƙasar Ailan, babu abin da ya dame ni kamar danshi. Ni da na tashi a Kano, inda ruwa yake da lokacin zuwansa da na ɗaukewarsa, sai ga ni a garin da yayyafi ba ya sallama, ga kuma fumfuna ta yi baƙi a kusurwar ɗakin da nake haya, tufafina duk suna warin laima.

Wani dattijon magini da aka turo ya duba bangon shi ne ya fara buɗe mini ido. Ya ƙwanƙwasa shi, ya ce gidan na dutse ne, kuma magina na da suna shafe irinsa da kwaɓin farar ƙasa, wanda yake shan ruwa ya kuma sake shi idan iska ta kaɗa. Daga baya ne wani ya lulluɓe bangon da siminti, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ya koma yana tsattsafowa ta ciki. Nan take na tuna da mahaifina, wanda bai taɓa yarda a shafa wa gidanmu na ƙasa siminti ba, sai dai a sabunta yaɓe a gyara indararo kafin damina. Da muna ganin taurin kai ne, ashe sani ne.

Tun daga ranar na fara kallon garin da wani ido dabam. Sunan Cork kansa ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin fadama a harshen mutanen ƙasar, kuma tsakiyar birnin tsibiri ce tsakanin rassa biyu na kogin Lee. Babban titin kasuwa, wato St Patrick's Street, ya lanƙwashe kamar baka domin hanyar ruwa ce da aka rufe a ƙarshen ƙarni na 18, kuma har yanzu ruwan yana bi ta ƙarƙashinsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasu tsofaffin gidaje a titin South Mall, waɗanda sai an hau matakalar dutse kafin a kai ƙofarsu, a ƙasa kuma akwai wata ƙofar dabam. Ta nan attajirai suke shigar da kaya daga kwale-kwale a zamanin da titin yake ruwa. Ina bi ta gabansu kullum a kan hanyata ta zuwa aiki, ina taka inda jirage suka taɓa tsayawa.

A garin Kinsale, da ke bakin teku, na ga gidajen da aka jera wa fallayen dutse a jikin bango kamar ɓawon kifi, domin kare su daga ruwan da iska ke korowa. A can saman hasumiyar cocin Shandon da ke birnin Cork kuwa, wanda aka gina a 1722, siffar kifi ce take nuna inda iska ta nufa.

Maƙwabtana har yau suna ba da labarin ambaliyar watan Nuwamba na 2009, lokacin da kogin ya mamaye yammacin birnin, dubban gidaje suka kwana da kwanaki babu ruwan famfo. Saboda haka ne, da na tashi sauya gida, tambayar da na fara yi wa mai gidan ita ce ko ruwa ya taɓa shiga, ta biyun kuma da me aka shafe bangon.