Gashin kek a tukunyar yashi ya sa na sake jeren ɗakina a Aboabo

Duk macen da ke zaune a gidan haya irin namu na Aboabo a Kumasi ta san matsalar gashin kek ko burodi ba a wuta kaɗai take ba, wuri ne babu. Ciki da falo ne, girki a baranda, tsakar gida kuma ta kowa da kowa ce, ga yara ga shanya ga masu dakan fufu da yamma. Ni abin da ya tura ni gashi a gida tsadar 2022 ce, lokacin da kuɗinmu sidi ya faɗi warwas, yaƙin Rasha da Yukren ya tada farashin alkama, mu kuma a Gana ba a nomanta, ta jirgin ruwa take zuwa a niƙa a Tema da Takoradi. A Disambar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, burodin shayin yara kullum ƙanƙancewa yake kuɗinsa na hawa. Na ce to bari in gwada da hannuna.

Ba ni da oben, har yau ma ban saya ba. Wata Hajiya a gidanmu da ta daɗe tana yin kek na suna da biki ita ta nuna min hanyar yashi. Ta ce "ɗiyata samo babbar dadesen, tukunyar ƙarfen nan mai kauri, ki wanke yashi ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba kamar tsayin yatsu biyu a gindi." Sai a ɗora kan kurfoti, wato murhun gawayi, a rufe yashin ya ɗau zafi kamar minti 15 kafin a sa gwangwanin kek. Ki barbaɗa 'yar fulawa a murfin gwangwani ki ajiye a kan yashin, in ta yi ja a hankali wutar ta yi, in ta yi baƙi nan take to rage gawayi. Abin da na fi jin daɗinsa shi ne garwashin da ake ɗorawa kan murfin tukunyar, ɗan kaɗan, shi ke sa saman kek ɗin ya yi ja mai kyau, in babu shi ƙasa zai gasu sama ya fito fari fat. Kuma ko ɗauke wuta aka yi ba ruwanki, wadda ta ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, ta san darajar wannan.

Awo kuma wallahi ki sayi sikeli, ƙarami na kicin ma ya isa. Mu nan mun saba awo da olonka, gwangwanin awon kasuwa, da gwangwanin bota, na shinkafa da wake suna da kyau, amma fulawa in kin danna ta a gwangwani nauyinta daban in kin zuba sakwa-sakwa daban. Nawa kek ɗin bota giram 250, suga 250, fulawa 250, ƙwai 4 manya, bekin hoda ƙaramin cokali ɗaya, da 'yar gyaɗar ƙamshi. A buga bota da suga da muciya har su yi fari su tashi, nan aikin yake kuma hannu zai gaji amma kar ki gajarta, ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa a ƙarshe a juya a hankali. In ya shiga tukunya kar a buɗe sai an wuce minti 25, in kin buɗe da wuri tsakiya zai zauna. Da asuba bayan sallah nake kwaɓi don da rana zafin Kumasi narkar da bota yake tun kafin ki gama bugu.

In kin shiga kasuwar Kejetia ko Alabar sayen fulawa ki faɗa musu wadda kike so, akwai mai ƙarfi ta burodi akwai mai laushi ta kek da mitfai, kar ki bari a auna miki duk wadda hannu ya kai.

Burodi kam zan faɗi gaskiya, ba riba sosai in na gida ne kawai. Masu gidan burodi inji suke kai kwaɓinsu ya murza, shi ya sa burodin suga yake fitowa da laushin nan da yake yagewa zare-zare, ke da hannu sai kin yi murza ta minti 15 ko fiye kuma in kin lissafa gawayi da bota da yis kusan kuɗin ɗaya ne da wanda ake saya. Ina yinsa jefi-jefi saboda ƙamshin da kuma yadda yara ke tsayawa bakin baranda suna jira. Inda na ga sauƙi na gaske shi ne kek da cincin da rok bons na tafiya makaranta.

To daga nan ne maganar ɗaki ta taso. Garin nan damina biyu muke yi a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, kuma danshi shiga komai yake. Fulawar da aka bari a leda a ƙasa sai ta dunƙule ta fara warin ruma, ƙwari su fito, suga tururuwa ta bi, bekin hoda ya mutu ba ki sani ba sai kek ya ƙi tashi. Sannan fulawa da bota suna jan wari, in suna kusa da daddawa ko busasshen kifi ko shito, miyar barkonon nan, a bakin kek ɗinki za ki ji. Na duba ɗakin nan kaf, wuri ɗaya ne busasshe mai murfi wanda ya ɗaga daga ƙasa, shi ne kabad ɗin kayan jere na aure, cike da kwanuka da tangaran waɗanda tun ranar da aka jera su goge ƙura kawai nake yi musu.

Ba ƙaramin abu ba ne a wurina taɓa kayan nan, Mma, wato mahaifiyata, ita ce ta tara su kaɗan-kaɗan shekara da shekaru da kuɗin kokon da take sayarwa. Sai da na je Asawase na same ta na faɗa mata. Ta yi shiru tukuna sannan ta ce "kayanki ne, amma kar ki sayar, kar kuma in ji sun fashe." Na naɗe kowanne da tsohon zani na shirya a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, na bar layin sama kaɗai da waɗanda ta fi so don in ta zo ta gansu.

Layin tsakiya yanzu na gashi ne shi kaɗai. Fulawa a bokitin roba mai murfi da ke kamawa gam, suga a wani, yis da bekin hoda a kwalba, kowanne na manna masa takarda da ranar da na saya. Na daina sayen fulawa da yawa, abin da zai ƙare a wata ɗaya kawai, kuma in na kawo nakan sa ta a firiza 'yan kwanaki don ƙwan ƙwarin ya mutu, in tankaɗe da rariya kafin ta shiga bokiti. Bekin hoda in ya daɗe ki zuba kaɗan a ruwan zafi, in ya yi kumfa yana da rai. Yis kuma ruwan ɗumi da ɗan suga, minti 10 ya kamata ya kumbura. Layin ƙasa gwangwanaye da sikeli da muciya, muciyar ma ta kek daban ce ba ta shiga tuwo balle miya. Na matsar da kabad ɗin kaɗan daga jikin bango don bangon ɗakinmu gumi yake da damina. Kayan miya duk suka koma baranda a wani kwando mai murfi.

Lokacin hunturu kuma abin juyawa yake, iska ta bushe, kwaɓin burodi ya yi jinkirin tashi samansa ya yi ɓawo, sai na rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta na ajiye kusa da kurfoti, ƙura kuma dole a riƙa goge murafen kullum.

Yashin ma yana da wurinsa yanzu, a tsohon bokitin fenti mai murfi bayan ƙofa, don in aka bar shi a tsakar gida kyanwa ko yara za su same shi. Abin da ya rage min shi ne dadesen ɗin, ta yi girma ba ta shiga ko'ina, maigida ya ce zai sa wani mai walda a Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu walda, ya haɗa min 'yar kanta ta ƙarfe a baranda, in kuɗi sun samu kuma mu tambayi farashin ƙaramin oben na gas irin wanda suke ƙerawa a can.