Wai candy ko sweet?

Jiya a shagon kawu nan ƙauyenmu wajen Ringim wani yaro ɗan sakandare ya zo wai a ba shi candy na hamsin, kawu ya ce kai yaro meye kuma candy, mu alewa muka sani. Abu ɗaya ne fa, Amurka su ce candy, Ingila su ce sweets, shi ya sa sweet ya fi zama a bakinmu tunda Turawan Ingila suka mulke mu. Toffee ne daban, sukari da man shanu ake dafawa har ya yi danƙo, kusan iloka kenan. Lollipop kuma mai tsinken nan. Kawu dai minti ya miƙa masa.