Maganin tsutsa a kejin ɓera da tasirinsa kan binciken garkuwar jiki

A gidajen da ake kiwon ɓerayen bincike, ba ƙaramin tashin hankali ba ne a ce an ga ƙwan tsutsa. Ma'aikaci yakan manna guntun salatif a gefen duburar ɓera, ya ɗaye, ya shimfiɗa shi a kan gilashi, sannan ya duba da madubin ƙara girma. Idan tsutsar hanji mai suna Syphacia obvelata ce, nan take ƙwanta zai bayyana, domin macen tana fitowa ne ta zuba shi a fatar wurin, ita kuwa ɗaya tsutsar, Aspiculuris tetraptera, a cikin kashi take sakin nata. Ƙwan ba shi da nauyi, yana bin ƙura da hannu da kayan aiki, shi ya sa da zarar an gan shi a keji ɗaya akan ɗauka cewa ɗakin gaba ɗaya ya kamu.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne fenbendazol, wanda ake cuɗawa miligiram 150 a kowane kilo na abinci, ɓerayen su ci mako guda su huta mako guda, a yi ta maimaitawa. Yana kashe tsutsa ne ta hanyar liƙe wa wani furotin mai suna tubulin, wanda ƙwayoyin halitta ke buƙata kafin su rabu gida biyu. Ɓera ma yana da irin wannan furotin, ko da yake maganin bai cika kama nasa sosai ba, kuma ƙwayoyin garkuwar jiki suna cikin waɗanda suka fi yawan rabuwa. Daga nan damuwar ta samo asali.

Bincike biyu da aka yi a Jami'ar Miyami ta Amurka sun nuna inda gizo ke saƙar. Na 2008 ya auna abubuwan da aka saba aunawa a garkuwar ɓeraye nau'in BALB/c, bai ga wani canji na a zo a gani ba. Na 2009 kuwa ya zurfafa, inda aka kwatanta matasan ɓeraye 'yan wata 2 zuwa 4 da tsofaffi 'yan wata 22 zuwa 24, aka ciro ƙwayoyin B, wato masu samar da sinadarin yaƙi da cuta, daga ɓargo da saifa. An tarar cewa maganin ya rage wani furotin mai suna E2A da waɗannan ƙwayoyi ba sa bunƙasa sai da shi, yaɗuwar na saifa ta ragu, kuma abin ya fi tsanani a tsofaffin. Bayan mako 6 a kan abinci na yau da kullum komai ya koma daidai, don haka masu binciken suka ba da shawarar a dakata aƙalla tsawon wannan lokaci. A ganina sakamakon biyu ba su ci karo ba, domin ɓeran da yake lafiya ƙalau a gwajin jini na iya ɓata lissafin wanda yake nazarin yadda tsufa ke raunana ƙwayoyin B.

Barin tsutsar ma ba mafita ba ne. A 2006 masana a Jami'ar Cape Town sun nuna cewa Syphacia obvelata tana karkata garkuwar ɓera zuwa irin martanin da jiki ke yi wa tsutsotsi, har ta sauya yadda jikinsa ke yin bori ga furotin farin ƙwai. Mai bincike kenan yana tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki.

Tasirin bai tsaya kan garkuwa ba. A 2008 an ba da rahoto daga Jami'ar Johns Hopkins cewa ƙarin cutar daji da aka dasa wa ɓeraye ya ƙi girma a lokacin da ake yi musu maganin tsutsa, kuma da aka bi diddigi sai aka ga haɗuwar fenbendazol da ƙarin bitamin na cikin abincin ce sila, ba ɗayansu shi kaɗai ba. Wannan sakamako ne na ɓera, kuma ba hujja ba ce ga mai cutar daji ya sha maganin dabbobi. Tun a 1994 ma, a Amsterdam, ɓerayen da aka cire wa wani furotin mai tsaron ƙwaƙwalwa sun mutu bayan an fesa musu aibamektin, wani maganin ƙwari da tsutsa na daban, saboda ƙwarin fata.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin sanarwa. Likitan dabbobi ne ke yanke shawarar ba da magani, sau da yawa ga ɗaki sukutum, alhali ɗalibin da ya shafe watanni yana aunawa bai san an sauya buhun abinci ba. Ƙa'idojin ARRIVE, da aka fitar a Birtaniya a 2010 aka kuma sabunta a 2020, sun nemi a bayyana yanayin kiwo da lafiyar dabbobin gwaji, kuma ina ganin ranar fara magani da ranar daina shi sun cancanci shiga cikin wannan bayani. Idan kuwa gwajin ba zai iya jiran mako 6 ba, to wajibi ne rukunin da ake kwatantawa da shi ya ci abinci iri ɗaya a makonni iri ɗaya, kada a ɗauko alƙaluman ɓerayen bara a jera su da na bana.