Abin da na koya daga Kiristocin Indiya masu aron falsafar Hindu

A cikin darussan kwatanta addinai da muka yi a jami'a, babu wanda ya sa ni komawa laburare kamar na Kiristocin Indiya da suka ɗauki falsafar Hindu suka yi bayanin aƙidarsu da ita. Yawancinmu a ajin ta finafinai kawai muka san Indiya, shi ya sa wasu suka ɗauki batun kamar wasa. Ashe muhawara ce da aka shafe sama da shekara ɗari huɗu ana yi.

Wanda aka fi farawa da shi shi ne Roberto de Nobili, limamin Katolika ɗan Italiya, ɗan ƙungiyar Jesuit, da ya isa birnin Madurai a 1606. Ya tarar manyan gari suna ƙyamar Kiristanci saboda suna ganinsa addinin Turawan Fotugal masu cin nama da shan giya. Sai ya ajiye baƙar rigar limamai, ya sa tufafin masu zuhudu na Hindu mai ruwan goro, ya daina cin nama, ya koyi Tamil, harshen yankin, da Sanskirit, harshen littattafan addinin Hindu. Ya kuma bar Barahmanawa, wato dangin malaman Hindu masu daraja ta sama, waɗanda suka karɓi baftisma su ci gaba da rataya zarensu a kafaɗa, yana cewa alamar dangi ce, ba ta bauta ba. 'Yan'uwansa limamai suka kai ƙararsa, har magana ta isa Rum, Fafaroma Gregory na 15 ya yarje masa a 1623.

Amma wanda ya fi buɗe mini ido shi ne Brahmabandhab Upadhyay, mutumin Bengal da aka haifa a 1861, ya shiga Katolika a 1891. Hujjarsa a taƙaice: ilimin tauhidin da Turawa suka kawo Indiya shi ma aro ne. A ƙarni na 13 Thomas Aquinas ya gina bayaninsa a kan falsafar Aristotal, Bagirken da ya mutu fiye da shekara ɗari uku kafin haihuwar Almasihu. Idan an yarda Aristotal ya yi wa coci hidima, me zai hana Shankara, babban malamin Wedanta, ɗaya daga manyan mazhabobin falsafar Hindu? Wannan tambaya ta sa na waiwayi karatunmu na zaure. Rabon hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, wanda ɗalibi ke haddacewa tun yana yaro, malaman kalamu sun kaifafa shi ne da ilimin manɗiƙi, shi kuwa manɗiƙi daga Girkawa ya shigo ta hanyar fassarar da aka yi a Bagadaza. Aron da ya daɗe, mutane sukan manta aro ne.

Inda aron Upadhyay ya zauna daidai shi ne bayanin Triniti, wato aƙidar Kiristoci ta Allah ɗaya cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wedanta tana siffanta hakikanin da ke bayan komai da abu uku: samuwa, sani, da ni'ima. Keshab Chandra Sen, wani jagoran addini ɗan Bengal, ya riga Upadhyay haɗa wannan da Triniti a wata lacca da ya yi a Kalkata a 1882, amma Upadhyay ɗin ne ya zurfafa shi. Ya ce Uba shi ne samuwar da ba ta da mafari, Ɗa shi ne sanin da Allah ya yi wa kansa, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ne ni'imar da ke tsakaninsu. Har waƙar yabo ya tsara da Sanskirit a kan haka, ana rera ta a majami'un Indiya har yau. Wata 'yar ajinmu Kirista ta ce ba ta taɓa jin bayanin da ya kwanta mata kamar wannan ba.

Daga nan kuma sai aka shiga sarƙaƙiya. Shankara ya koyar da cewa a can ƙarshe babu biyu: ran mutum da hakikanin ɗaya ne, ganinsu a rabe ruɗu ne da ake kira maya. Kirista kuwa ya yi imani akwai Mahalicci, akwai abin halitta, kuma zunubi laifi ne da ke buƙatar gafara, ba jahilci ba ne da sani zai yaye. Upadhyay ya yi ƙoƙarin cewa maya tana nufin duniya ba ta tsaya da kanta ba, jingine take da Allah. Dabara ce mai kyau, amma a ganina ya lanƙwasa Shankara har sai da ya yi kama da Aquinas, kuma Bahindu mai bin mazhabar zai iya cewa an sa wa malaminsa magana a baki. Haka batun awatara, wato saukowar ubangiji duniya a cikin jiki. Bhagavad Gita, ɗaya daga littattafan Hindu masu tsarki, ta ce ubangiji yana saukowa zamani bayan zamani duk lokacin da gaskiya ta raunana, alhali Kirista yana cewa sau ɗaya tak Kalmar Allah ta zama mutum, wato Yesu, wanda ya sha wahala a zamanin Bilatus Babunti. Upadhyay ya ƙi kiran Yesu awatara, Vengal Chakkarai na Madras kuwa ya karɓa. Mutum biyu, imani ɗaya, rijiyar da suke ɗiba ɗaya, amma suka rabu.

Tun daga lokacin, idan na ga an jera addinai biyu ana cewa ai duk abu ɗaya suke faɗi, inda suka saɓa nake fara nema, don a nan ake gane ko mai kwatancen ya karanta su da gaske. Waɗanda suka shiga abin da zuciya ɗaya sun sha wuya. A 1900 wakilin Fafaroma a Indiya ya hana Katolika karanta mujallar Upadhyay, Sophia. Upadhyay ya rasu a 1907 ana tsakiyar shari'arsa da gwamnatin Ingila kan zargin tunzura jama'a, aka ƙone gawarsa bisa al'adar Hindu. Henri Le Saux, Bafaranshen da ya kafa gidan zuhudu na Shantivanam tare da Jules Monchanin a 1950, ya yi ta fama da tambayar yadda zai haɗa koyarwar Shankara ta babu biyu da imaninsa ga Almasihu har mutuwarsa a 1973.

Darasin da ya zo mini a ƙarshen zango shi ne tambayar falsafar wa aka ara. Sanskirit da Wedanta gadon Barahmanawa ne, alhali akasarin Kiristocin Indiya daga Dalit suke, wato na can ƙasa a tsarin dangogin Hindu, da ƙananan kabilu, mutanen da aka daɗe ana hana su kusantar waɗannan littattafai. De Nobili kansa sai da ya nisanci talakawan Kiristoci kafin Barahmanawa su yarda su zauna da shi. A shekarun 1980 Arvind Nirmal, wani malamin tauhidi Kirista ɗan Dalit, da abokansa suka ce ba za su yi bayanin Almasihu da falsafar waɗanda suka mayar da su najasa ba. Suka koma kan bawan nan mai shan wahala na Ishaya sura 53, wanda aka raina aka ƙi, suka ce wannan shi ne Yesun da Dalit ya sani.