Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan filin Ɗanbare

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu da ƙannena, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa maganar iyakar filin da marigayi mahaifinmu ya bar mana a Ɗanbare ta zo ƙarshe lami lafiya, ba tare da an tsaya gaban alƙali ba. Alhamdu lillahi.

Da yawanku kun ji labarin a gutsure. Filin awon igiya ne, gona ce aka yayyanka aka sayar tun unguwar ba ta cika ba. Takardar cinikinmu ta ce ƙafa 50 a faɗi, 75 a tsawo. Ta Alhajin da muke maƙwabtaka da shi ma haka ta ce. Da magini ya zo fitar da harsashi ya ja tef, sai awon ya faɗa cikin katangar Alhaji. Tayoyin da aka binne a matsayin alama babu su babu dalilinsu, dillalin da ya yanka gonar kuma ya riga mu gidan gaskiya. Kowa riƙe da takardarsa, kowa yana ganin shi aka cuta, har gaisuwa ta fara nauyi.

Godiyar farko ga mai unguwa. Da muka kai maganar gabansa bai ce wane ne da gaskiya ba. Cewa ya yi a ɗauko mai safiyo mai rajista, ɓangarorin biyu su haɗa kuɗin, don kada gobe a ce wanda ya biya shi aka auna wa.

Sai shi mai safiyon, Allah ya yi masa albarka. Tun kafin ya sauke kayan aikinsa ya nuna mana shaidar rajistarsa da SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya. Ya kuma gaya mana a fili cewa shi ba alƙali ba ne, awo ne aikinsa, abin da ƙasa ta nuna shi zai rubuta. Bai fara da filinmu ba ma. Sai da ya bincika a ma'aikatar ƙasa ko wurin ya faɗa cikin wani tsarin gwamnati ko hanyar da aka tanada, domin tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke bisa amana, takardar ciniki kaɗai ba ta kare mutum. Da ya tabbatar babu matsala ta nan, sai ya kafa na'urarsa ya auna layin gaba ɗaya, daga lungu zuwa lungu.

A nan gaskiya ta fito. Ƙafafun da aka rubuta wa mutanen layin, in an tara su, sun fi faɗin ƙasar da ke wurin. Igiya tana miƙewa, mai janta kuma yana son fulotai su yi yawa. Waɗanda suka riga gini sun ɗauki nasu cif, giɓin ya taru a kan filaye biyun ƙarshe, namu da na Alhaji. Ashe babu wanda ya ci na wani a tsakaninmu.

Alhaji, mun gode. Kai ka fara cewa a raba asarar biyu, alhali kai katangarka ce za ta taɓu. Ba kowane dattijo ne zai yi wa 'ya'yan abokinsa haka ba. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a. Muna kuma godiya ga limamin masallacin layin da ya tunatar da mu hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, ya yi shi a lokacin da zukata suka fi buƙata. Matasan layin da suka riƙe sandar awo a cikin rana, da matan maƙwabta da suka yi ta aiko da ruwa, Allah ya biya ku.

Yanzu an kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, kowanne da lambarsa, a gaban mai unguwa da shaidu. Taswirar ta fito da hatimin mai safiyo da sa hannunsa, da lambobin da ke jikinta kuma ko an tumɓuke turke za a iya dawo da shi daidai inda yake. Da ita muka shiga neman takardar mallaka ta gwamnati, wadda mutane suka fi sani da C of O.

Masu tambayar lambar mai safiyon su same ni a gefe, ba zan sa ta a nan ba sai da izininsa. Gini kuma sai bayan damina in Allah ya kai mu. Muna roƙon ku sa mahaifinmu cikin addu'a, Allah ya jiƙansa da rahama.